Gwandata tana fure amma ba ta 'ya'ya: shin da gaske akwai namiji da mace a tsirrai?

Uwar Lambu, daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da manoma a kan wani al'amari da ya dame ni. A farkon daminar bara na shuka ƙwayoyin gwanda a cikin leda, waɗanda na ciro daga gwanda guda ɗaya da na saya a kasuwa, da suka yi ƙwari kuma na dasa guda shida a bayan gida, kusa da inda ruwan wanke-wanke yake bi. Dukkansu sun tashi lafiya, taki ɗaya nake zuba musu, ruwa ɗaya suke sha. Yanzu biyu daga cikinsu suna ɗauke da 'ya'ya masu siffar ƙwallo, guda ɗaya kuma 'ya'yanta dogaye ne, amma sauran ukun fure kawai suke yi, ƙanana masu ƙamshi, a jikin wasu dogayen sanduna da ke reto, sai su kaɗe su zube ba tare da ko ɗa ɗaya ya kama ba.

Maƙwabcina ya ce waɗannan ukun maza ne, ya kuma ba ni shawarar in kafa musu ƙusa a gindi ko in sare kawunansu, wai idan suka sake toho za su koma mata. Tambayata ita ce: da gaske ne itace yana da namiji da mace, kuma ta yaya ƙwayoyin da suka fito daga cikin gwanda ɗaya suka bambanta haka? Sannan in tsige mazan, ko in bar su?

Malamin Kimiyya, daga Katsina:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabcinki ya yi gaskiya a kan cewa maza ne, amma shawarar ƙusa ba ta da tushe, kuma zan so ki fara duba furen da kanki kafin ki ɗauki adda.

Fure shi ne gurbin haihuwar tsiro. A cikinsa akwai sashen namiji, wato waɗansu siraran zarurruka masu ɗauke da garin nan rawaya da manoman gero suka sani da suna bununi, akwai kuma sashen mace, wanda gindinsa yake a kumbure kamar ƙaramin tulu, a cikinsa ne ƙwayoyin da za su zama iri suke kwance. Idan bununi ya sauka a bakin sashen mace, sai ya fitar da wani siririn bututu ya gangara har ya isa ga ƙwayar, daga nan ne ƙwayar take zama iri, tulun da ke kewaye da ita kuma ya girma ya zama ɗan itacen da muke ci. Wannan shi ake kira barbara. Yawancin tsirrai masu fure, irin su wake da kuɓewa da tumatir, suna da sassan biyu a cikin fure ɗaya. Waɗansu kuma sun raba su a jikin tsiro ɗaya: a masara, furen da ke can saman kara shi ne namiji, gemun da ke leƙowa daga goyo kuwa na mace ne, kuma kowane silin gemu yana kaiwa ne ga ƙwaya guda, shi ya sa masarar da bununi bai wadace ta ba take fitowa da giɓi. Kashi na uku su ne waɗanda suka raba namiji da mace a bishiyoyi dabam-dabam, kuma ba su da yawa, ba su wuce kusan kashi 6 cikin 100 na nau'o'in tsirrai masu fure ba. Dabino da giginya da goruba da kanya duk suna cikinsu.

Ita gwanda lamarinta ya zarce haka, domin jinsi uku gare ta, kuma daga bayaninki dukkan ukun suna bayan gidanki. Mace tana fitar da babban fure, ɗaya ko kaɗan, manne da jikin bishiya daidai inda sandar ganye ta fito. Idan kika buɗe shi za ki ga tulun nan a fili, babu zaren bununi ko ɗaya, 'ya'yanta kuma masu siffar ƙwallo ne da faɗin rami a ciki. Namiji shi ne mai dogayen sandunan nan masu tarin ƙananan furanni, kowane fure kamar siririn kakaki, cike da bununi. Ta ukun ita ce mata-maza, wadda furenta yake da ɗan tsawo, ya haɗa sassan biyu, tana iya yi wa kanta barbara tun furen bai gama buɗewa ba, kuma ita ce mai dogayen 'ya'ya masu kaurin tsoka. Ƙamshin da kika ji daga mazan yana da aiki, domin da magariba yake ƙaruwa, yana janyo wasu manyan ƙwari masu kama da malam-buɗe-littafi waɗanda ke yawo da dare, su ne suke ɗaukar bununi a jikinsu su kai wa mace.

Tsohon Manomin Dabino, daga Jigawa:

Assalamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan ƙara da abin da hannuna ya saba da shi, domin mu masu dabino wannan magana ita ce rayuwarmu. 'Yata, kada ki yi gaggawar kashe namiji. Na taɓa ganin wani da ya gaji gonar dabino, ya ga wasu bishiyoyi shekara da shekaru ba sa 'ya'ya, ya sa aka kayar da su duka, da kaka ta zo sai matan suka cika da 'ya'ya ƙanana marasa ƙwallo, waɗanda ba sa nuna yadda ya kamata kuma babu mai sayensu a kasuwa.

Furen dabino yana fitowa ne a cikin wani kube mai tauri. Idan na namiji ya kusa tsagewa sai mu yanko shi, mu shanya a inuwa, mu rarraba silinsa. Idan kuben mace ya tsage, a cikin kwana biyu ko uku mutum zai hau da igiya, ya cusa sili biyu ko uku na namijin a tsakiyar nonon macen, kansu yana kallon ƙasa domin garin ya riƙa zubowa, sannan ya ɗaure da ganyen dabinon sako-sako. Wanda ya yi jinkiri ya yi hasara, saboda furen mace ba ya daɗewa yana karɓa. Da wannan hanya namiji ɗaya mai kyau yana iya wadatar da mata kusan 50, alhali idan iska aka bar wa aikin sai an tara maza da yawa suna cin ƙasa da ruwa. Haka ake yi a Bilma da Ingal a Jamhuriyar Nijar, haka kuma ma'aikatan tashar binciken dabino da ke Dutse suke koyar da manoma.

Abin ba sabo ba ne. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yi wa dabinonsu barbara, da suka bari a wata shekara amfanin ya lalace, sai ya nuna musu cewa su ne suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ƙwallon dabino idan ka shuka shi ba ka san abin da zai zama ba sai ya yi fure, bayan shekara biyar ko fiye, kuma kusan rabi maza ne. Shi ya sa mai hankali yake cire tohon da ke fitowa a gindin macen da ya san daɗinta ya dasa, domin toho ba ya saɓa wa uwarsa. Namiji ma yana da ranarsa ko a wajen noma, domin magina sun fi son azarar namijin giginya saboda ƙarfinta. Shawarata ki bar ɗaya daga cikin ukun, wanda ya fi yawan fure.

Uwar Lambu, daga Zariya:

Na gode, Malam, na gode, Baba, Allah ya ƙara basira. Yau da safe na tsinko fure ɗaya daga kowace bishiya na tsaga su da reza a kan faranti, na kuwa ga abin da aka faɗa da idona: na macen yana da ɗan koren tulu a ciki, na namijin ya bar min rawayan gari a yatsa, na mai dogayen 'ya'yan kuma yana da duka biyun. Sai dai maƙwabcin nawa ya dage cewa shi da kansa ya taɓa sare kan namiji kuma daga baya ya yi 'ya'ya, ni kuma ban san shi da ƙarya ba. Sannan an ce min baƙaƙen ƙwayoyi su ne mata, masu haske kuma maza. Akwai hanyar da zan gane tun daga iri, don kada in sake shekara ina shayar da abin da ba zai haihu ba? Gwandar da na ciro ƙwayoyin daga cikinta doguwa ce, idan wannan zai taimaka.

Malamin Kimiyya, daga Katsina:

Zai taimaka ƙwarai, Hajiya, domin ya warware min yadda aka yi kika samu jinsi ukun daga ɗa guda. Jinsin gwanda a rubuce yake a cikin ƙwayoyin halittar da iri ya gada, kusan irin tsarin da ke jikin ɗan Adam. Masana suna kiran ƙwayoyin da ke tantance jinsi da X da Y, kowane iri kuma yana gadon biyu: mace tana ɗauke da XX, namiji XY, mata-maza kuma tana da X tare da wani nau'in Y da ya ɗan sauya. Ƙwayar da ta gaji Y biyu ba ta rayuwa, tun tana cikin ɗan take mutuwa. Daga nan lissafin yake fitowa. Idan namiji ya yi wa mace barbara, rabin 'ya'yan mata ne rabi maza. Idan mata-maza ce ta ba mace bununi, rabi mata rabi mata-maza, babu namiji ko ɗaya. Idan mata-maza ta yi wa kanta barbara, a cikin kowane uku biyu mata-maza ne ɗaya mace. Idan kuwa bununin namiji ne ya isa ga mata-maza, sai a samu jinsi ukun kusan daidai wa daida, kuma wannan shi ne abin da ya faru da uwar gwandarki a gonar da ta fito.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Baba, cikin girmamawa. Abin da ya faɗa daidai ne a kan dabino, daidai ne kuma ga mai gonar da gwandarsa mata ne zalla, wanda ake ba shi shawarar ya bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Amma ke kina da mata-maza, ita kuwa tana iya wadatar da kanta ta kuma ba matan biyu bununi, kuma muddin namiji yana tsaye a kusa, irin da za ki ajiye zai ci gaba da fitar da maza. Idan kina son ki huta da wannan matsala, ki zaɓi furen mata-mazan da bai buɗe ba, ki rufe shi da ƙaramar jakar takarda ki ɗaure, ki yi wa ɗan da ya kama alama da zare, daga cikinsa kaɗai za ki ɗebi iri. Abin lura ɗaya shi ne, a tsananin zafin bazara furen mata-maza yakan rasa sashensa na mace ya riƙa zubewa, don haka ki yi wannan aiki lokacin da gari ya yi sanyi-sanyi.

Game da maƙwabcinki, ba ƙarya ya yi ba, fassarar abin da ya gani ce ta kauce. Wasu mazan gwanda, musamman idan yanayi ya yi sanyi ko bishiyar ta samu rauni, sukan fitar da 'yan furanni masu sassa biyu a ƙarshen dogayen sandunan nan, su kama 'ya'ya ƙanana da ke reto nesa da jikin bishiya. Halittarsa ba ta canza ba, namiji ne har yanzu, 'ya'yan ba su da yawa kuma ba su kai na mace ba, ƙusa kuwa ƙofa kawai take buɗe wa ruɓa. Launin ƙwaya ma ba ya nuna jinsi. Ƙwaya mai haske galibi wadda ba ta ƙosa ba ce. Kafin fure, gwajin ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike ne kaɗai yake tantancewa, shi ya sa masu manyan gonaki suke dasa uku ko huɗu a rami ɗaya, idan suka yi fure bayan wasu watanni sai su bar wadda suke so su cire sauran.

Ɗalibar Ilmin Tsirrai, daga Maraɗi:

Malam, ka ba ni izini in ƙara abu ɗaya da ya shafi rarraba tsirrai gida-gida, domin tambayar Hajiya ita ce ainihin tambayar da aka gina wannan fanni a kanta. Manoman dabino sun san namiji da mace tun dubban shekaru, amma sai a 1694 ne wani masani Bajamushe mai suna Rudolf Kamerariyus ya tabbatar da cewa tsirrai suna da jinsi ta hanyar gwaji, inda ya riƙa cire sassan fure daga masara da zurman ya ga iri ya ƙi kamawa. A 1735 kuma Karl Liniyas, mutumin Suwidin, ya raba tsirrai aji 24 bisa yawan sassan namiji da ke cikin fure da yadda suke zaune, ya ware aji guda ga masu raba jinsi a bishiyoyi biyu, sannan a 1753 ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu, wanda da shi ne gwanda ta zama Carica papaya, dabino kuma Phoenix dactylifera.

Daga baya an bar tsarin ƙirga sassan fure, saboda yana haɗa tsirran da ba su da dangantaka. Gwanda da dabino duk suna da namiji da mace, amma dabino dangin giginya da goruba da kwakwa ne, waɗanda irinsu yake tsirowa da ganyen farko guda ɗaya tak kamar gero, ita kuwa gwanda da biyu take fitowa kamar wake. Suna ma yakan ruɗar da mutum. Gwandar daji da muke ci a gona, wato Annona senegalensis, ba 'yar'uwar gwandar gida ba ce, ita gwandar gida kuwa asalinta daga kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya aka kawo ta. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa dangin da ya fi kusa da na gwanda shi ne na zogale, kuma su biyun suna babban gida ɗaya da kabeji. Hajiya, idan kika tauna ƙwayar gwanda guda ɗaya za ki ji ɗan yaji mai hawa hanci, irin wanda ake ji a saiwar zogale, domin sinadarai masu kama da juna suke sarrafawa.

Tsohon Manomin Dabino, daga Jigawa:

Na karɓi gyaran Malam, domin ban san gwanda tana da ta uku ba, a dabino ba mu saba da haka ba. Duk da haka, 'yata, tun da mata-mazan taki guda ɗaya ce tak, kuma gwanda ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi, ki tsige maza biyu yanzu, na ukun ki bar shi har sabon dashenki ya yi fure kin ga abin da ya fito. Ki kuma janye hanyar ruwan wanke-wanken nan kaɗan daga gindinsu kafin damina ta sauka.