Musayar Waƙa: Littafi Ɗaya, Fim Uku

Malam Sani:

Jama'a, ga baitoci kan The Hobbit na Tolkin da fina-finai uku da Pita Jaksin ya yi da shi. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Tolkin malami ne a Oksfod ta Ingila,
A 1937 littafin nan ya ɓulla,
Babi 19 ne, karatunsa ba wahala,
Yara ya yi wa, su ji daɗin tatsuniya.

Bilbo na cikin raminsa yana hutawa,
Gandalf ya zo masa da baƙi ba sanarwa,
Wadanni 13 masu son komawa
Dutsen da dodo Smaug ya kwanta kan dukiya.

Shafi wajen 300 ne gaba ɗayansa,
Jaksin ya ce fim biyu zai yi a kansa,
A Yulin 2012 ya sauya zancensa,
Ya ce uku za a yi, ya tsawaita tafiya.

Disamba uku cur aka sa mu jira,
Minti 169, 161, 144 a jera,
Kusan awa takwas ke nan bisa kujera,
Furar mutum ɗaya aka tsinka wa gayya.

Hajiya Binta:

Malam, na ji baitocinka, madalla,
Amma ban yarda da hukuncin duka ba.
Gandalf ya bar su a bakin dajin Mirkwood,
Littafin bai bi shi inda ya nufa ba.
Sai can ƙarshe aka ce sun kori matsafi,
Layi kaɗan ne, ba a faɗaɗa ba.
Ratayen The Lord of the Rings Jaksin ya duba,
Dol Guldur, maɓoyar matsafin, ba shi ya ƙirƙiro ba.
Na so ganin Galadriel da Saruman,
Ban ji lokacina ya tafi a banza ba.
Ka tuna Bilbo da Gollum a cikin kogo,
Kacici-kacicin da ba a yi wa gaggawa ba.
Da fim ɗaya ne, da an guntule shi,
Da Martin Freeman, Bilbon fim, bai samu fili ba.
Waƙar wadanni da dare a gidan Bilbo,
Har yau sautinta bai bar kunnena ba.

Auwalu:

Hajiya, a gafarce ni, ni ɗanki ne,
Amma Tauriel ba ta cikin littafi.
An ƙirƙiro ta, aka haɗa ta da wada Kili,
Soyayyar da ba tushe, ba zurfi.
Legolas ma ba ya cikin labarin nan,
An dawo da shi don 'yan kallo su yi tafi.
Azog, abokin gabar wadanni, ya daɗe da mutuwa a wajen Tolkin,
Ɗansa Bolg ne ya ja runduna da ƙarfi.
Suka tashe shi ya bi wadanni fim uku,
Da hannun ƙarfe mai tsini da kaifi.
Gudun ganga a kogi a ɓoye aka yi shi,
Babu kibiya ko ɗaya a wannan shafi.
A fim ya koma dogon yaƙi kan ruwa,
Ni a nan nake ganin babban laifi.

Hajiya Binta:

Ɗana Auwalu, sake duba littafin,
Ba za ka ga mace ta buɗe baki ba.
Sunan mahaifiyar Bilbo aka ambata,
Belladonna, ita ma ba ta fito ba.
Tauriel mai baka ta yi mini daidai,
Soyayyar ce ni ma ban so ba.

Malam Sani:

Hajiya, kacici-kacicin nan na yaba,
Daga littafin yake, ba ƙari ne ba,
Kukana Bilbo ne, ba tsawon kawai ba,
Mai labari ya koma ɗan rakiya.

Yaƙin runduna biyar shafi kaɗan ya ci,
Dutse ya bugi Bilbo, ya suma cikin rikici,
Sai da ya farka aka ba shi labarin ɗaci,
Tolkin ya ga fagen daga na Som a 1916, ya ƙi yi wa yaƙi kwalliya.

Jaksin ya ware masa fim na ƙarshe,
Sara da suka, a kashe, a sake kashe,
Wadanni da yawa bakinsu a toshe,
Bilbo na leƙowa jefi-jefi daga baya.

Zainab:

Baba Malam, ni ma ina da ta cewa,
Ku ba ni dama in sa baki.
Tun kafin Jaksin ya hau kujerar darakta,
Gilermo del Toro aka ba wa aiki.
Ya ajiye a 2010, jinkiri ya ishe shi,
Jaksin ya shigo a gurguje ya kai ɗauki.
Shi da kansa ya ce shiri bai ishe shi ba,
Ana ɗauka ana tsara abin da ke ciki.
Ukun sun tara kusan dala biliyan 3,
Ga kamfani, tikiti uku ya fi ciniki.
A 1977 wani kamfanin Amurka ya yi shi da zane,
Ƙasa da minti 80 aka tashi biki.

Hajiya Binta:

'Yata Zainab, minti 80 ya yi kaɗan,
A wancan zanen ba a saka Beorn ba.
Da sun tsaya kan biyun nan na farko,
Da ni da Malam ba mu yi musu ba.
Abin da ya sosa mini rai shi ne Smaug,
Ya nufi garin tafki, ba a ƙarasa ba.
Aka rufe fim na biyu yana sama,
Shekara guda Bard bai saki kibiya ba.
Da aka buɗe na uku ya faɗo nan take,
Ko sunan kashin bai fito a allo ba.