Maigida ya dage sai an yi masa dashen ƙwayoyin halitta a laka, ku ba ni shawara

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kaina ya kulle.

Maigidana ya kamu da ciwon kumburin laka, shekara ta zagayo har da ɗoriya. Ya fara da ciwon baya da jin kamar an ɗaure masa ciki tamau, kafin a ankara ƙafafu sun daina ɗaukarsa, fitsari ya tsaya. Hoton MRI ya nuna kumburi a tsakiyar baya. An yi masa allurai masu ƙarfi ta jijiya, aka kuma tace masa jini. Yanzu yana motsa yatsun ƙafar dama, yana ɗan tsayuwa in an riƙe shi, amma a keke yake wuni.

To, ya ga bidiyon wani asibiti a ƙasar waje da ke dashen ƙwayoyin halitta na tushe, waɗanda ake kira sitem sel. Sun ce masa allura ce kawai a baya, mutane na miƙewa. Ba su ma nemi ganin hotonsa ba, rabin kuɗi suka ce a fara turawa. Shi kuma ya ce mu sayar da gidan da muke ciki. In na nuna shakka sai ya ce na gaji da shi ne. Na gaji kam, amma a jiki, ba da shi ba. Wannan maganin gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, yaya zan faɗa masa ba tare da na karya masa zuciya ba?

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai a ganina ku gwada. Gida ana sake ginawa, lafiya uwar jiki ce. Kada gobe ya ce ke kika tare masa hanya. Allah ya ba shi lafiya.

Malamar Jinya:
Yaya, ka yi haƙuri, ban goyi bayanka ba. 'Yar uwa, binciken gaskiya ne, ana kan yinsa, amma abin da ake sayar muku wani abu ne daban.

A 2010 kamfanin Geron a Amurka ya fara gwajin farko a jikin mutane masu raunin laka, a 2011 ya dakatar saboda kuɗi. A Japan, Jami'ar Keio ta yi amfani da fasahar mayar da ƙwayoyin jikin mutum su koma na tushe, ta Shinya Yamanaka, wanda ya ci kyautar Nobel a 2012. Mutum 4 kacal aka yi wa dashen, na farko a ƙarshen 2021. A 2025 suka sanar cewa 2 sun samu ci gaba, ɗaya har yana iya tsayuwa, sauran 2 kuwa babu wani canjin a-zo-a-gani. Asibitin Mayo na Amurka ma ya fitar da sakamako a 2024: cikin mutum 10 da aka yi wa da ƙwayoyin kitsen jikinsu, 7 sun ɗan matsa gaba. Abin farin ciki ne, amma ki lura da abu biyu. Na farko, duk waɗannan rauni suka ji, haɗari ko faɗuwa, kuma na Keio makonni 2 zuwa 4 da jin raunin aka yi musu. Ciwon maigidanki kuwa garkuwar jiki ce ake zargi da far wa lakar, ta cinye rufin jijiyoyin kamar wayar lantarki da robarta ta zube. Ba irinsa aka gwada ba. Na biyu, masu binciken da kansu gwaji suke kiransa, babu wanda ya ce ya gano magani.

Kuma allura a laka ba "in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba" ba ce. A 2016 likitoci a Boston suka ba da rahoton wani mutum da ya je asibitocin kuɗi a Sin da Ajantina da Meziko aka yi masa irin wannan allurar, tsiro ya fito masa a laka, daga ƙwayoyin da ba nasa ba, ƙafafunsa suka ƙara mutuwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Asibitin da bai nemi hoton MRI ba amma ya nemi kuɗi, ai ya riga ya gaya muku abin da yake nema.

Abin da na fi so ki tambayi likitan jijiyoyinsa shi ne: an yi masa gwajin jini na akwaforin-4 da na MOG, masu taimakawa a gane ko ciwon mai dawowa ne? Akwai kumburin laka da ke zuwa sau ɗaya ya tafi, akwai mai dawowa, har ya taɓa ido. In mai dawowa ne, akwai magungunan da ke hana shi, kuma wannan ya fi komai gaggawa.

Yaya Babba:
To Malama, na ji ana yi wa masu ciwon jijiya dashen ɓargo suna samun sauƙi. Shi ma ƙarya ne?

Malamar Jinya:
Ba ƙarya ba ne, Yaya. Ana yi wa wasu masu ciwon MS (wanda garkuwar jiki ke far wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) da ya ƙi jin magani. Sai dai aikinsa shi ne a rushe garkuwar jiki da magani mai ƙarfi a sake gina ta, don ta daina kai hari. Ba ya ɗinke lakar da ta riga ta lalace, kuma yana da haɗari sosai, ba allurar yini ɗaya ba ce.

Hajiya Mai Haƙuri:
'Yata, sannu. Na daɗe ina jinyar baban yarana a wannan hali, bari in gaya miki abin da ba a sawa a bidiyo.

Ƙafa ba ita ke kwantar da su a asibiti ba, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. Kullum safe da dare ki duba ƙugunsa, mazaunai da dunduniya. In kin ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi fiye da kewayensa, kada ya sake kwantawa ta nan har sai ya washe. A gado a juya shi duk bayan awa 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, dunduniya kada ta taɓa katifa. Ko ninkin zanin gado ki miƙar da shi. A keke ya riƙa karkatawa ko ɗaga jiki duk minti 15 zuwa 30. Fitsari in ya yi kauri, ya canza wari, ga zazzaɓi ko ƙafafu sun ƙara sanƙarewa, kada ki jira gobe.

Wani abu kuma da ya kamata kowa a gidan ya sani, in ciwon nasa ya kai saitin ƙirji ko sama: idan kansa ya sara farat ɗaya, yana gumi, fuska ta ɗau zafi, hanci ya toshe, jini ne ya hau. Ki zaunar da shi, kada ki kwantar, ki sassauta masa kaya, ki duba ko robar fitsari ta lanƙwashe ko jakar ta cika. In bai sauka ba, asibiti nan take.

Ke kuma, ki raba aikin nan. Wanka da bayan gida, in da hali, ɗan uwansa namiji ko ma'aikaci ya karɓi wani ɓangare. Mace in ta zama mai jinya dare da rana, sai a wayi gari hirar mata da miji ta ƙare, ba a maganar komai sai magani. Ki koyi ɗaga shi da allon zamewa wurin likitan gashi, in ba haka ba bayanki zai tafi, ku zama biyu a kwance.

Mai Keke:
Baiwar Allah, ni ne a kujerar, don haka bari in yi magana a madadinsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da ya ce kin gaji da shi, tsoronsa ne ya fito fili. Namiji da ya saba shi ke ɗaukar nauyin gida, yau sai an ɗauke shi, wannan tafiyar ita ce abu ɗaya da yake jin shi ne ya yanke hukuncinta.

Kada ki ce masa "a'a". Ki ce ku tambayi masu asibitin tare, shi ya rubuta da hannunsa: wane irin ƙwayoyi ne, daga jikin wa? Wace hukumar magunguna ce ta amince da shi don kumburin laka? A wace mujallar likitoci suka buga sakamakonsu? In matsala ta taso bayan an dawo gida, wa zai ɗauki nauyi? In suka ce sunansu na cikin rajistar gwaje-gwaje ta intanet, wannan ba amincewa ba ce, rajista ce kawai. Amsar da suka bayar ku kai wa likitansa. Gara ya ga ramin da idonsa.

Ki kuma gaya masa wanda ya taɓa karɓar irin wannan allurar, sau da yawa ba a ɗaukarsa a gwajin gaskiya in ya zo. Wannan maganar ce ta fi shiga kunnena. Yatsun nan da ke motsi kuwa ba ƙaramin abu ba ne, masu kumburin laka kan ci gaba da samun sauƙi har shekara 2, wasu ma fiye. Gashi da motsa jiki kada a yi wasa da su.

Uwar Biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba takardunsa, ban ga sunan gwajin da Malama ta ambata ba, zan tambayi likita ranar da za mu koma. Tambayoyin Malam Mai Keke na nuna masa. Bai ce komai ba da farko, daga baya ya karɓi wayar ya tura musu. Hajiya, yau na ga wani duhu a dunduniyarsa ta hagu, fatar ba ta fashe ba. In shafa mai in murza?

Hajiya Mai Haƙuri:
Kada ki murza, 'yata, murzawa na ƙara ɓata naman da ke ciki. Ki sa matashi a ƙarƙashin ƙaurinsa dunduniyar ta rataya, ki cire masa takalmi da safa mai matsewa. Ki ɗauki hoton wurin yanzu, ki sake ɗauka da safe ki kwatanta. In bai washe ba, ko ya yi ƙunar ruwa, ki kai shi a duba gobe, kada ki jira ranar likita.