Iyakar cin bashin gwamnatin Amurka: mene ne ainihin abin da jam'iyyun biyu ke rigima a kai?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Masana, don Allah a warware mana wannan. Kusan kowace shekara biyu sai a ji Amurka ta kusa gaza biyan bashi saboda majalisa ta ƙi ɗaga iyaka, 'yan Republican da 'yan Democrat kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Wannan iyakar tana hana gwamnati kashe kuɗi ne? Kuma ita ce ke sa a rufe ma'aikatun gwamnati?

Malamin Tattalin Arziki: Wa'alaikumussalam, Malam. Abu biyu ka haɗa, kuma kowanne da dokarsa.

Rufe ma'aikatu batun kasafi ne. Shekarar kuɗin Amurka tana farawa ranar 1 ga Oktoba, akwai dokokin rabon kuɗi 12 da majalisa za ta zartar kafin ranar. In ba ta yi ba, ba ta kuma yi kasafin wucin gadi ba, doka ta hana ma'aikatu kashe abin da ba a ware musu ba. Haka aka yi kwana 16 a 2013, kwana 35 daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, sai kwana 43 a 2025.

Iyakar bashi kuwa jimillar abin da Baitulmali ke da izinin ranta ce. Tushenta dokar 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1939 aka mai da ita jimilla ɗaya. Ba ta ba da izinin kashe ko sisi, ba ta kuma soke wani kashewa. Majalisa ce ta riga ta yanka haraji, ta riga ta ce a biya sojoji da 'yan fansho da asibitoci. Giɓin da ya rage tsakanin biyun dole a rance shi. Ƙin ɗaga iyaka daidai yake da mutum ya ɗauki kaya a kanti, ƙarshen wata ya ce shi ya daina cin bashi don haka ba zai biya ba.

In aka kai iyakar, ba ranar ake tsayawa ba. Sakataren Baitulmali yana fara wasu dabaru na lissafi: ya dakatar da zuba sabbin takardun lamuni a asusun ajiyar ma'aikatan tarayya da asusun fanshonsu, ya taɓa asusun daidaita canjin kuɗi, bayan rigima ta wuce a mayar musu har da kuɗin ruwansu. A 2023 an kai dala tiriliyan 31.4 ranar 19 ga Janairu, Sakatariyar Baitulmali ta lokacin, Janet Yellen, ta ce dabarun za su ƙare 5 ga Yuni, Biden ya sa hannu kan yarjejeniyarsa da Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Kevin McCarthy ɗan Republican, ranar 3 ga Yuni. Saura kwana biyu.

Mai Bin Majalisa: Bayanin Malam ya yi, amma ban yarda a ce iyakar ba ta da wani amfani ba. Ita ce kusan dama ɗaya da 'yan adawa ke samu su tilasta wa fadar shugaban ƙasa ta zauna teburin ciniki, musamman da yake a Majalisar Dattawa ana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin yawancin ƙudurori su wuce. Rigimar 2011 ce ta haifar da dokar da ta ƙayyade kashe kuɗin ma'aikatu na shekara goma, ta 2023 ma ta sa ƙa'ida na shekara biyu, ta kuma ƙwato kuɗin korona da ba a kashe ba.

Inda na yarda da shi shi ne tsadar abin. Obama ya sa hannu ranar 2 ga Agustan 2011, ranar 5 ga watan kamfanin S&P mai auna ingancin bashi ya sauke darajar bashin Amurka daga matakin ƙoli, karo na farko. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa jan ƙafar ya ƙara wa Baitulmali kimanin dala biliyan 1.3 na kuɗin ruwa a shekarar kaɗai. Takwaransa Fitch ya bi sahu a Agustan 2023, Moody's a Mayun 2025.

Kuma babu jam'iyyar da hannunta ya fita. Obama yana sanata a 2006 ya kaɗa ƙuri'ar ƙin ɗagawa. A wa'adin Trump na farko an jingine iyakar sau uku ba tare da hayaniya ba, a Yulin 2025 kuma 'yan Republican da kansu suka ƙara tiriliyan 5, ta koma 41.1. Wanda ke mulki ya nemi a ɗaga, wanda ke waje ya yi wa'azin tsimi.

Akanta: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ake yin faɗan. A shekarar kuɗi ta 2024 gwamnati ta kashe kusan tiriliyan 6.8, ta tara kusan 4.9, giɓi kimanin 1.8. Abin da majalisa ke rabawa duk shekara, har da tsaro, bai wuce rubu'i da ɗan ɗori ba. Sauran fanshon tsofaffi ne, da Medicare da Medicaid (inshorar lafiyar tsofaffi da ta masu ƙaramin ƙarfi), da kuɗin ruwa, waɗanda ke fita da kansu bisa tsofaffin dokoki. Kuɗin ruwa kaɗai ya haura biliyan 800, ya zarce na tsaro. 'Yan Republican ba sa son jin ƙarin haraji, su ne ma suka sauke na kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 a 2017. 'Yan Democrat ba sa yarda a taɓa fansho da lafiya. Sai a taru a kan ɗan ragowar ana ta ja-in-ja. Rabon da Amurka ta ga rarar kasafi tun 2001, bayan shekara huɗu a jere, kuma wancan ya biyo bayan ƙarin harajin 1990 da 1993, da rage kuɗin soja, da haɓakar tattalin arziki.

Mai Tambaya: Allah ya ƙara basira. To in wa'adin ya wuce fa, ba za a iya biyan masu bashi a jinkirta sauran ba?

Malamin Tattalin Arziki: An sha kawo shawarar, Malam. Kuɗin ruwa yana bi ta tsarin biya na daban, don haka ana iya fifita shi. Sauran kuwa miliyoyin biya ne a wata, an gina na'urorin ne su biya kowa ranar da haƙƙinsa ya yi, kuma babu dokar da ta ce ga wanda za a fara ba. Wasu na nuni da sashe na 4 na gyaran tsarin mulki na 14, wanda ya hana a yi jayayya da ingancin bashin ƙasa, amma ba shugaban da ya taɓa gwada shi. Mu ma abin zai taɓa mu: bashin dala da Najeriya da Ghana ke ci a kasuwannin waje, kuɗin ruwansa ana ɗora shi ne a kan na takardun Baitulmalin Amurka, in nasu ya tashi namu ya bi shi.