Zaman sulhu ta bidiyo: me waɗanda suka gwada suka tarar?

Mai shiga tsakani, Kaduna: Assalamu alaikum. An miƙo mini rikicin gado wanda biyu daga cikin magadan suke Jidda, ɗaya yana Landan, sauran kuma suna Zariya, kuma babu alamar za su haɗu a ɗaki ɗaya nan kusa. Ina shirin gudanar da zaman ta Zoom, saboda haka nake roƙon waɗanda suka taɓa yi su faɗa mana abin da suka gani, musamman ta fuskar sirri.

Lauya, Kano: Wa alaikumus salam, Malam. Mu dole ce ta sa muka fara a 2020, lokacin kullen korona, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne kyamara fuskar mutum kaɗai take nunawa, ba ta nuna wanda yake gefensa. Na yi zama kan rikicin bashi inda wani ɗan kasuwa ba ya amsa tambaya sai ya waiwaya, ashe yayansa ne zaune a bayan ƙofa yana kaɗa masa kai, duk tayin da aka kawo sai ya ƙi. Tun daga nan nake sa kowa ya zagaya da wayarsa cikin ɗakin kafin mu fara, ya kuma sa hannu cewa ba zai naɗi maganar ba. Mai jagorantar zaman yana iya rufe naɗar murya a manhajar, amma ba shi da iko a kan waya ta biyu da aka ajiye a kan tebur. Dokar sasanci ta 2023 ta kare sirrin abin da aka faɗa a zaman sulhu, sai dai maganar da ta riga ta shiga WhatsApp ɗin dangi babu dokar da za ta dawo da ita.

Mai sulhun iyali, Sakkwato: Barista, na yarda da kai, amma akwai alherin da bai kamata a manta da shi ba. Na saurari wata baiwar Allah tana cikin takaba, wadda da a gaban 'yan'uwan mijinta ne ba za ta ɗaga kai ba, balle ta ce an ɓoye mata wata gona. Da na shigar da ita keɓaɓɓen ɗakin da Zoom yake bayarwa, ni da ita kaɗai, sai ta yi bayani dalla-dalla har da sunan wanda yake noma gonar. A ganina ganawar keɓe ta fi sauƙi ta bidiyo, domin ɗaya ɓangaren ba ya zaune a baranda yana ƙirga mintunan da mai sulhu ya yi da abokiyar rigimarsa.

Akawun kotu mai ritaya, Gusau: Malam, ka faɗa musu tun farko cewa idan hoto ya tsaya, sabis ne ya yanke. Na ga mutum ya fusata ya ce an kashe masa waya don raini, alhali wutar ɗaya ɓangaren ce ta ɗauke. Ka kuma lura cewa Zoom na kyauta yana katsewa bayan minti 40, kuma Jidda tana gaban Najeriya da awa biyu, saboda haka la'asar ɗinku tana iya zama magaribarsu.

Lauya, Kano: Na ƙara da batun sa hannu. Kada a tashi sai an karanta yarjejeniyar a kan allo sakin layi bayan sakin layi, kowa ya amsa da bakinsa, domin mutumin da ya kwana bai sa hannu ba yakan wayi gari da sabbin mashawarta. A cibiyoyin sulhu na kotu, irin ta Legas da aka buɗe a 2002, alƙali yana tabbatar da yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu. Naka kuwa gado ne, gara a kai shi gaban alƙalin kotun shari'a.

Mai shiga tsakani, Kaduna: Allah ya saka da alheri. Hajiya mai sulhun iyali, ga tambayata gare ki: babbar 'yar mamacin ba ta iya sarrafa waya sai ɗanta ya riƙe mata, kuma ɗan yana da ra'ayi a kan gidan. Yaya kike yi da irin wannan a ganawar keɓe?