Wa ya taɓa cin karo da badon da bai san irinshi ba?

Ɗalibi, Dutsin-Ma: Salamu alaikum jama'a. Gefen dam ɗin Zobe na ga wani bado, ganyen ƙanana bakinsu sumul ba haƙora-haƙora kamar wanda muka saba, furen kuma da rana tsaka a buɗe yake ya ɗan yi shuɗi. Anya ba sabon iri ba ne?

Masunci, Ajiwa: Yaro wannan ai mun san shi tun muna ƙanana. Farin ne ke buɗewa da dare ya rufe da hantsi, wanda muke cin ƴaƴanshi. In damina ta yi nisa za ka ga duka biyun a tafki ɗaya tare da kainuwa.

Malamar bayoloji, Katsina: Gaskiyar Baba kenan, amma ka kyauta da ka lura da bakin ganye. Ni ma lokacin ina digiri na biyu na ɗauko wani na kai ma malamina ina murna, abin da ya fara tambayata ina furen ina ƴaƴan, don ganyen tsiron ruwa yana sauya kama gwargwadon zurfi da gudun ruwa. Ka ciro shi har saiwa ka danne tsakanin jaridu ya bushe, ka rubuta rana da wurin, ka kai ɗakin adana busassun tsirrai na ABU Zariya a gwada shi da nasu.

Ma'aikacin lab, Daura: Hajiya a ƙara mashi da gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar gado. Ka yanki ɗan ganye mai lafiya ka wanke gansakukar jiki tas, in ba haka ba DNA ɗin gansakukar za a karanta, ka sa cikin silika irin ƴan ƙullin nan na kwalin sabon takalmi. Tun 2009 aka tsaida wasu sassan DNA biyu, rbcL da matK, a matsayin wuraren da ake dubawa don tantance irin tsiro.

Malamar: Kuma ana samun sabon irin fa, kar ka karaya. Victoria boliviana, ƙaton badon Bolibiya, samfurinshi ya shekara 177 ajiye a cibiyar binciken tsirrai ta Kew a Ingila ana mashi kallon wani iri, sai 2022 da aka haɗa siffar ƙayoyi da ƴaƴa da sakamakon DNA aka tabbatar daban yake.

Ɗalibi: Na gode ƙwarai. Baba da wane lokaci ya fi yin ƴaƴa?

Masunci: Ka bari sai kaka ruwa ya fara ja baya, kuma kar ka shiga kai kaɗai akwai laka.