Baba yace mu Gungawa ne, wai ina ne Gungun nan?

Ɗan Agege 92:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gareni ga mutanen Kebbi, musamman 'yan Yauri. Ni a Agege aka haifeni, nan nayi firamare nan nayi sakandare, arewa sau biyu kacal na taɓa zuwa shima Kano ne biki. To shekaranjiya muna cin tuwon dare nake ce ma Baba aiki zai kaini Ikorodu, kuma oga yace in dawo ta jirgin ruwa zuwa CMS dan gudun gosulo, ni kuma wlh tsoron ruwa nake, ko gadar Third Mainland muka hau bana leƙawa ƙasa. Sai Baba ya ajiye loma ya dinga dariya har da ƙwarewa, wai jikan Bagunge ne ke tsoron ruwa. Nace mene Bagunge kuma, yace ai mu Gungawa ne, a tsakiyar kogi aka yanke masa cibi. Nace to Baba a kaimu mu gani mana, yace garin yana ƙarƙashin ruwa, ya ɗauki buta ya fita. Kun dai san dattawa, in suka rufe zance ya rufu.

Ni duk fom ɗin da na taɓa cikewa Hausa nake sawa, Kebbi, Yauri. To su waye Gungawa, ƙabila ce ko sunan gari? Kuma ya gari ke shigewa ƙarƙashin ruwa, ambaliya ce ko me?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:

Wa alaikumus salam ɗana. Kai ka ban dariya nima. Gungu ai ba sunan gari ɗaya ba ne, tsibiri ake ce ma gungu a wajenmu, Gungawa kuwa mutanen tsibiran. Kogin Kwara in ya iso ƙasar Yauri ba tsiri ɗaya yake tafiya ba, rarrabuwa yake yana barin ƙasa a tsakani, wani gungun gona uku ya cika, wani kuwa gari guda ne da hakiminsa da kasuwarsa. Can kakanninka sunka zauna.

Kuma kar wani ya ce maka masunta ne kawai. Suna su, amma Bagunge manomi ne na gaske, gero da dawa da shinkafa, sannan albasa. Wanga buhunan da kake gani muna saukewa a Mile 12 ƙarfe huɗu na asuba, akwai na Aliero akwai na Yauri, kuma tun kafin a san injin ban ruwa Gungawa ke noman albasa a bakin kogi, da ƙwarya suke ɗibar ruwa suna watsa ma fangali ɗaya bayan ɗaya. Na gani da idona ina yaro, mutum tsaye ruwa iya gwiwa tun hantsi, baya duk ya yi fari da gishirin zufa. Masu kamun kifi na gado, waɗanda ba su san komi ba sai taru da birgi da mamari, su ne Sarkawa, daban suke.

Wani abin da ɗan Legas bai sani ba, kogin namu sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka kamar kunu. Sai kuma ana tsakiyar hunturu, ko ɗigo ba a yi daga sama, ka ga kogi na ƙaruwa, ruwan garai-garai, shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan saman ƙasar Gini ne, ya yi wata da watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana. Da wannan lissafin mutane ke shuka da girbi har anka zo anka tare kogin.

In zaka je hanya ba ɓata: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, sai Yawuri. Zo ka sameni layin 'yan albasa in haɗaka da direban da ke komawa ba kaya, amma ka shirya ƙugunka.

Malam Na Obalende:

Alhaji ya gama magana ta ɓangaren ƙasa, bari in ɗan ƙara na tarihi tunda shi nake koyarwa. Gungawa sunan da Hausawa suka sa musu ne, su Reshe suke kiran kansu, harshensu Tsureshe, kuma ba karin Hausa ba ne ko kaɗan, danginsa su Kambarci da Dukkanci ne. Suna cikin tsofaffin mazauna ƙasar tare da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa. Masarautar Yauri yau ƙananan hukumomi 3 ne, Yauri da Shanga da Ngaski, a jihar Kebbi da aka cire daga Sakkwato a 1991. A littafin makaranta zaka ga an lissafa Yauri cikin Banza Bakwai, sunan da ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba, duk sanda na zo wajen a aji sai na tsaya na yi wa yara dogon bayani. Tsohuwar fadar a Birnin Yauri take, daga baya a ƙarshen ƙarni na 19 zamanin Sarki Abdullahi Abarshi aka koma Yelwa bakin kogi. Turawa ma ta ruwan suka fara sanin ƙasar, Mungo Park ya wuce ta Yauri a 1806 kafin ya halaka a duwatsun Busa, 'yan Lander biyu kuma suka zo Yauri a 1830 suna cigiyar takardunsa.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Ba ambaliya ba ce, dam ne. An fara gina dam ɗin Kainji a 1964 aka gama a 1968, aka tare Kwara a can ƙasa cikin jihar Neja ta yanzu, ruwa ya dawo baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, kansa na arewa har Yelwa. Duk abin da ke ƙasa-ƙasa ya tafi: tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park, babban tsibirin Foge, gungaye da ƙauyukan bakin gaɓa. Mutum fiye da 40,000 aka tasa aka kai sabbin matsugunai, New Bussa ma don haka aka gina ta. In mahaifinka ya haura 60 to yana yaro aka kwashe su, da wayonsa. Shi ya sa ya ɗauki buta.

Sai ka lura da wani abu, injinan Kainji megawat 760 aka ƙera su bayar, wutar kuma layin ƙasa take shiga har nan Legas. Wato fitilar ɗakinku a Agege, ranar da aka ga dama aka kawo, akwai gonar albasar kakanka a ciki.

Sarkin Yaƙin Alaba Rago:

Ni dai wannan tone-tonen bana gane masa. Mutum yana jin Hausa, yana sallah, ubansa na jin Hausa, to Bahaushe ne mana. Nan Legas da Bagunge da Bazabarme da Babarbare duk aboki ake ce mana, in rigima ta tashi ba mai tambayarka daga wane tsibiri kake. A bar yaro da fom ɗinsa yadda yake cikewa.

Maman Khalifa, Idi-Araba:

Haba Sarkin Yaƙi, yaro fa asalinsa ya tambaya ba ƙuri'a ya ce a raba ba. Ƙanina barka da wannan tambaya, ni 'yar Yelwa ce aure ya kawoni nan shekara 14 kenan, kuma kakata ta wajen uwa Bagungiya ce.

Abin da Sarkin Yaƙi ya faɗa shi ne ma ciwon. Kakata in ta ji haushi ko tana ma jika wasa da yarensu take yi, mamata tana ji amma da Hausa take amsawa, ni kuwa gaisuwa kawai na tsinta itama yanzu in nace zan faɗa sai na yi kuskure, su Khalifa kam Hausa da Yarbanci da turanci. Hawa uku fa kenan yare ya fita daga gida ɗaya. Da yawa in suka shigo gari suka musulunta sai su ce su Yaurawa ne kawai, dan a da in an ce maka Bagunge kamar an ce maka baƙauye. Ina zargin abin da ya sa babanka bai taɓa faɗa ba kenan, ba wai ɓoyewa ba, an dai saba shiru.

Ita kakar tamu har ta rasu bata yafe ma gidan da aka basu ba. Tace ɗakunan siminti ne a jere kamar bariki, da rana zafi kamar tanda, babu inda zaka kafa rumbu yadda ka saba, kuma mai tashi ya wanke fuska a kogi yanzu sai ya yi tafiya da tulu. Sai da suka gina nasu na laka a gefe suka maida na gwamnati wajen ajiyar kaya da awaki. Abin da yafi ci mata rai kaburbura, iyayenta duk suna can ƙasan ruwa. In mun shiga jirgi da ita zuwa ƙetare akwai inda muna zuwa zata yi shiru ta sa hannu a ruwa, mu muna yara muna ta dariya wai Kaka na gaida kifi.

Maganar tsoron ruwa kuwa kar ka ji kunya, ruwan yanzu ba wanda babanka ya sani ba ne. Itatuwan da tafkin ya shanye kututturansu na nan a tsaye a ƙasa, jirgi ya hau ɗaya ya tsage. Ga lodi, mutum da babur da buhu da shanu duk a jirgin katako ɗaya. Ni akwai ranar kasuwa da muka taso, ruwa saura ɗan yatsa ya shigo, wani yaro na ta kwarfa da roba, na ce ma mai jirgin ya rage kaya yace Hajiya in kina tsoro ki sauka, a tsakiyar kogi fa. Kowa ya tuna na watan Mayun 2021 wajen Warra a Ngaski, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kaɗan suka fita. Allah ya jiƙansu. Naku na Ikorodu ai da sauƙi, ko ba komai ana baka rigar ruwa, ka ɗaure ta da kyau kawai kar ka riƙe a hannu irin na 'yan gayu.

In zaka je ka daidaita da lokacin Rigata, ranar ne zaka ga Gungawa da kwale-kwalensu ana tsere ana kiɗa. In kuwa kufai kake son gani to sai ruwa ya ja baya sosai, farkon damina kafin farin ruwa ya sauko. Kuma dan Allah ka taho min da bandar tarwaɗa da ta giwan ruwa, wadda ake saidawa nan duk hayaƙi ne ba kifi.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:

Hajiya kin tuna min. Ranar da na fara ganin Makoko, unguwar masunta da ke kan ruwa nan Legas, daga saman gada, yara ƙanana na tuƙa kwale-kwale da gora, sai da na ce ma direba ya rage gudu. Kuma ina garin nan anka rushe unguwar Maroko ta bakin ruwa a 1990, mun ga mutane da katifu a ka ba su san inda za su ba. Mutanen bakin ruwa dai ko ina sai an tashe su, can wuta ake so, nan fili.

Ɗan Agege 92:

Kai jama'a nagode, Allah ya saka. Alhaji zan shigo Mile 12 ran Asabar insha Allah. Anti Maman Khalifa bandarki na wuyana.

Ɗazu bayan isha'i na zauna kusa da Baba nace masa Baba ashe Reshe ake ce mana. Ya juyo ya kalleni ya kai minti guda, yace wa ya faɗa maka. Daga nan fa ya ɓalle, yace shekararsa 10 aka zo da mota aka kwashe su, shi aka ba riƙon akuya, kuma akwai wata ƙatuwar tsamiya a ƙofar gidansu da ruwa ya yi kwana da kwanaki yana hawanta suna hangowa daga tudu. Ya ƙirga min ɗaya zuwa goma da yaren, a bakwai ya kakare, yanzu haka yana ɗaki yana ta neman lambar wani ƙaninsa a Yelwa wai sai ya tuna masa.

Jirgin Ikorodu kuma na hau. Ido rufe har CMS, amma wannan ban faɗa masa ba.