Neman shawara: ɗakin wanka na hutawa a saman bene, sauna ko ɗakin sirace?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana gini da kuma waɗanda suka riga mu yin irin wannan aiki a gidajensu. Ni da maigida muna gina gidan da muke fatan a cikinsa za mu tsufa. An tayar da ginin ƙasa, ba a kai ga zuba dakin, wato kankaren da zai ɗauki benen, ba. A sama, jikin ɗakin kwananmu, na ware fili mita 5 da mita 6 don ɗakin wanka irin na wuraren hutawa: bahon dutse babba a tsakiya, shawa mai zubowa daga silin kamar ruwan sama, ɗakin sirace, sauna (ɗakin katako na busasshen zafi), da kusurwar tausa da motsa jiki. Ina so a shimfiɗa farin mabul tun daga ƙasa har bango. Mai zanen ginin duk abin da na ambata sai ya ce babu damuwa, shi kuwa maigida ya ce na cika buri. Wannan "babu damuwa" ɗin ne ya fara damuna. Me ya kamata in sani kafin a ci gaba?

Injiniyan gini:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi tambayar a kan kari, tun ran gini tun ran zane. Kafin a ɗaure rodin dakin ɗin nan, ki sa a zauna da injiniyan da ya yi lissafin nauyin ginin, a nuna masa ainihin bahon da za ki saya. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Babban baho yana cin lita 300 ko fiye, shi kansa in na dutse ne yana da ɗaruruwan kilo tun ba a zuba komai ba, ga mutum a ciki, kuma duk nauyin ya taru a wurin da bai kai murabba'in mita 2 ba. Dakin ɗin gidan zama kuwa yawanci ana lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200 kowane murabba'in mita. Ba ina nufin ba zai yiwu ba. A dai ɗora shi saman bim, wato kankaren da ke tallafe da dakin ɗin, ko saman bangon ƙasa, a ƙara rodi a wurin. Sannan a saukar da dakin ɗin ɓangaren wanka ƙasa kaɗan da na ɗakin kwana, don bututu da gangarar ruwa su samu wurin zama, ba sai an yi miki dandamalin da za ki riƙa tuntuɓe da shi ba. Ki kuma tambayi kanki ta ina bahon zai hau sama. Na taɓa ganin inda sai da aka fasa taga bayan an gama fenti.

Mai aikin tayil:
Hajiya, shekara da shekaru ina wannan sana'a, kuma mafi yawan gyaran da ake kirana a manyan gidaje yoyon banɗakin sama ne. Mutane suna zaton tayil na tare ruwa. Ba ya tarewa. Ruwa yana bi ta layin da ke tsakaninsu ya sauka cikin siminti, wata rana ki ga silin falon ƙasa ya yi taswira. Abin da ke tare ruwa shi ne shafen da ake yi a ƙarƙashi, ƙasa da bango, a bi kusurwoyi da bakin magudana da kyau. Idan an gama, a toshe magudanar, a cika wurin da ruwa ya kwana awa 24 ko fiye, ki sauka ƙasa da kanki ki duba kafin a ɗora tayil ko ɗaya. Duk ma'aikacin da ya ce miki wannan ɓata lokaci ne, ki sallame shi. Gangara kuma kamar santimita 2 a kowace mita zuwa magudana.

Maganar mabul, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Farin mabul mai sheƙi a ƙasan wurin wanka kyan ɗan maciji ne. Da ya jiƙe da sabulu santsi yake kamar me. Dutse ne mai shan ruwa, man gashi da lalle suna kama shi, kuma duk wani abin wanki mai tsami yana cin fuskarsa ya dusashe. Akwai tayil ɗin fosilin mai zanen mabul wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, in ba wanda ya sani ba ba ya bambancewa. A ƙasa ki nemi mai ɗan kaushi, wanda aka rubuta R10 ko R11 a kwalinsa. In zuciyarki ta nace sai mabul na gaske, a sa shi a bangon da ruwa ba ya dukansa da kan teburin madubi.

Wata 'yar uwa:
Yaya, ni na yi irin naki buri shekara huɗu da suka wuce, bari in ba ki labari. Na sa baho mai feshin ruwa irin na Jacuzzi, wata biyun farko kullum ina ciki. Yanzu tawul nake shanyawa a bakinsa. Cika shi aiki ne, wanke shi aiki ne, kuma ruwa yana kwanciya a bututunsa, ranar da kika kunna bayan kwanaki sai ki ga baƙin datti yana fitowa. Abin da nake shiga kusan kullum shi ne siracen, saboda a cikin shawata aka haɗa shi: ƙofar gilashi mai rufewa ruf har sama, benci, da injin tururi a wata 'yar ma'ajiya a waje inda mai gyara zai kai hannu. Ba sai kin ware masa ɗaki daban ba. Kuskurena ɗaya, an yi silin a miƙe, sai raɓar tururi ta taru tana ɗigo mini a ka, mai sanyi kuwa. A karkata silin ɗin, kuma kada tsayinsa ya wuce mita 2.4, in ba haka ba injin zai yi ta wahala. Shawarata ki zaɓi ɗaya, sirace ko sauna.

Wani ɗan uwa:
In ɗaya za a zaɓa, ni sauna zan ce, ƙanwata. Ba abu ɗaya ba ne. Sirace zafinsa digiri 40 zuwa 45 ne amma iskar cike take da laima, shi ya sa yake neman lalata gini in an yi sakaci. Sauna irin ta mutanen Finland busasshen zafi ce, digiri 70 zuwa 100, ɗaki ne na katako da murhun duwatsu, ba ruwansa da magudana mai wahala. Su can sun riƙe ta da muhimmanci har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin al'adun gado na duniya a 2020. Sai dai katakon ya zama marar ƙaro kamar sida ko asfen, kada kan ƙusa ya fito inda fata za ta taɓa, ƙofa ta buɗe waje, babu sakata. Murhun yana cin kamar kilowat ɗaya na lantarki kowane mita kubik na girman ɗakin, don haka mai wayarin ya sani tun yanzu.

Mai aikin famfo:
Ba wanda ya taɓo ruwan zafi. Shawar silin mai faɗi tana iya zubar da lita 15 a minti ɗaya, wankan minti goma lita 150 ke nan. Ƙaramar hita mai lita 50 ba za ta kai ki ko'ina ba, balle ta cika baho. Sai babban tanki, da injin tura ruwa, da bututu mai faɗi. A riƙa ajiye ruwan tankin a digiri 60, don ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwan ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta shaƙar feshi take shiga huhu. A bakin shawa kuma a sa makunni mai daidaita zafi wajen digiri 38 saboda ƙuna.

Mai wayarin:
Layin ɗakin duka ya bi ta na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, fitilun saman shawa su zama masu jure ruwa, IP65. Fankar zuƙe iska ta fitar da laima har wajen gida, ba cikin silin ba, ta ci gaba da aiki minti 20 bayan wanka, in ba haka ba fumfuna za ta kama har kayan sawarki. Hasken hutawa mai ɗan ja-ja ne da ake iya ragewa, mai ƙarfin a bar shi gefen madubi biyu.

Ma'aikaciyar jinya:
Hajiya, in ke ko maigida akwai mai hawan jini ko ciwon zuciya, a tambayi likita tukuna. Mai juna biyu ma haka. Minti 15 ya isa zama ɗaya, a sha ruwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka, sai dariya yake yi mini. Na janye bahon dutse, zan nemi marar nauyi, ba mai feshi ba. Siracen a cikin shawa. Shi maigida yana da hawan jini, don haka sauna sai abin da likita ya ce. Mabul kuwa ban haƙura gaba ɗaya ba, bango ɗaya sai na sa. Injiniya, tunda bahon ya sauya, har yanzu sai an ƙara rodin?

Injiniyan gini:
A ƙara, Hajiya. Ruwan lita 300 ɗin yana nan da nauyinsa, kuma wanda ya ji ki ya san nan da shekara biyar kina iya sake waiwayar na dutsen. Ki kuma sa a ja wayar sauna da ramin iska a kusurwar tausar, a rufe da murfi, har likita ya yi magana.